Kano zuwa Legas a kan keke: yadda zaka shirya kanka da mutanen gidanku

Tun da muka dawo kusan duk wanda ya tare ni tambayarsa ɗaya ce, wane irin keke ka hau? Ni kuma sai in ce masa bari tukuna, fara tambayata wa ya biyo ni da mota, wa ya riƙe min gida, wa ya riƙa ɗaukar wayar Hajiya da daddare yana kwantar mata da hankali. Domin wallahi ƙafafuna ne suka taka feda amma mu da yawa muka yi tafiyar nan, kuma in kana son kayi irinta toh shirin mutanenka zaka fara kafin kaje kasuwa neman taya.

Ana iya yi ba mota, ba kowa. A 2023 wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya ɗauki keke ya nufi jami'ar Azhar a Masar, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, kusan wata huɗu yana hanya, kuma an tsare shi a hanyar ba sau ɗaya ba. Allah Ya saka masa, namijin ƙoƙari yayi. Amma ni abin da na sani kuma zan iya koya maka shine ɗaya hanyar, wadda ɗan'uwanka ke biye da kai da ruwa da abinci da kayan gyara, iyalinka kuma sun san inda ka kwana.

Ka fara da iyaye. Kar ka sayi komai, kar ka faɗawa abokai, kar ka rubuta a Facebook sai sun ji daga bakinka. Ni da naje wajen Hajiya ban je da baki kawai ba, na rubuta garuruwan da zamu kwana a takarda ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda muka sani a kowane gari. Ta karɓa ta daɗe tana dubawa duk da ba boko take karantawa sosai ba, sai tace "wa zai bika?" Nace ƙanena. Tayi shiru, can tace "in yace ka sauka zaka sauka?" Nace zan sauka Hajiya. Tace toh a gabana zaka faɗa masa. Aka kira shi, na faɗa a gabanta, sannan tasa mana albarka. Wannan sharaɗin nata shi ne ya fi komai amfani a tafiyar gaba ɗaya kuma zan dawo kansa. In mahaifanka suka ce a'a ka haƙura, ka ƙara shiri, ka sake komawa bayan wani lokaci, Legas ba inda zata je.

Sai maiɗakinka in kana da aure. Kusan sati uku zaka yi baka nan, ita zata ji da yara da makaranta da rashin lafiyar dare da tambayoyin maƙwabta. Ka sauke mata kayan abinci na wata guda cur ba na sati uku ba, ka biya kuɗin makaranta in lokacinsa zai faɗo a ciki, ka bar kuɗin asibiti daban a hannunta wanda ba'a taɓawa, ka kuma nemi wani babba a dangi da zai riƙa leƙo su. Kuɗin tafiya kuwa ka lissafa man mota zuwa da dawowa, mutane da yawa suna manta dawowar, da masauki da abincin mutum biyu ko uku, sannan ka ɗora wani abu a kai don gyaran mota. In lissafin ya nuna sai ka taɓa kuɗin cefanen gida toh lokaci bai yi ba.

Wanda zai riƙe mota ba wai kawai wanda ya iya tuƙi ake nema ba, mai haƙuri ake nema, domin aikinsa zaman jira ne a gefen titi daga safe har azahar kullum, ga rana ga ƙura, ba wanda zai ɗauke shi hoto ko ya tafa masa. In da hali ku zama uku, direba da wani mai taimaka masa, saboda in ɗaya ya shiga gari neman ƙanƙara ko masauki ɗayan na tare da mota. Mu biyu muka tashi daga Kano, ɗan kawunmu ya same mu a Suleja ya ƙarasa da mu, kuma bambancin da muka gani bayan zuwansa ba kaɗan bane. Motar ba sai babba ba, Golf ko Sharon ko duk wadda keke zai shiga bayanta in an cire wilin gaba ta isa, amma a kai ta wajen bakanike a duba birki da taya da lagireto, a tabbatar lasisi da inshora da sauran takardu basu mutu ba, safaya taya da jak da abin kashe gobara duk suna ciki, don za'a tambaye ku a hanya sau ba adadi.

Yanzu hanya. Wadda muka bi ita ce Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan, Legas, duka dai tsakanin kilomita 1,100 da 1,200 ya danganta da inda kuka ratse. Kano zuwa Zariya kusan 150 ne, ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, kar ka ce zaka cinye shi a ranar farko don zumuɗi, raba shi biyu. Zariya zuwa Kaduna kusan 80, yini ɗaya mai daɗi ta Jaji da Maraban Jos. Kaduna zuwa Abuja ya kusa 200, Abuja zuwa Lokoja ma haka, ta Gwagwalada da Abaji da Koton Ƙarfe. In kana yin kilomita 70 zuwa 90 a rana, wanda shi ne daidai ga mutumin da ba ɗan tsere ba, kwana 14 ko 15 na tuƙi kenan, ka ƙara kwana uku ko huɗu na hutu.

Akwai tsohuwar hanya ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba zuwa Ilorin, a taswira zaka ga kamar tafi kusa. Kar ka bita. Kowa ya san halin da yankin Birnin Gwari ya daɗe a ciki. Ita kanta hanyar Kaduna zuwa Abuja, wajajen Rijana da Katari, ta sha fama da masu garkuwa da mutane, haka wasu wurare tsakanin Lokoja da Okene da kuma cikin Akoko. Abin da muka yi, kuma shi nake ba kowa shawara, duk inda direbobin tasha suka ce mana wajen ba lafiya sai mu naɗe keke a mota mu wuce da rana tsaka tare da sauran motoci. Direbobin haya na tasha sun fi kowa sanin halin hanya na wannan satin, kaje da yamma ka gaishe su ka tambaya, zasu faɗa maka gaskiya. Wasu zasu ce ai in ka shiga mota tafiyar bata cika ba. Ka bar su su faɗa. Mutum ɗaya a kan keke a dajin da ba kowa, ga mota tana tsayawa tana jiransa, babu abin da ya fi wannan sauƙin gani, kuma ba kai kaɗai zaka jefa a ciki ba harda yaron da Hajiya ta baka amana. In ka dawo ka faɗi gaskiya cewa wuri kaza da wuri kaza a mota na wuce, shikenan.

Lokaci kuwa, Nuwamba ko kuma daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu. Dalili biyu, safiya da sanyi, sannan iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma kudu ka nufa, kaga kenan yawanci a bayanka take tana ɗan tura ka. Shi yasa ma na zaɓi tashi daga Kano maimakon daga Legas, ga kuma Kano tana sama da teku da kusan mita 500, Legas tana bakin ruwa, duk da kar wannan ya ruɗe ka kace gangara ce zalla, akwai hawa masu sa mutum yayi shiru. Ƙarshen Disamba ka kauce masa saboda cunkoson masu tafiya Kirsimeti musamman Abuja zuwa Lokoja. Bazara kuma, Maris zuwa Mayu, kar ma ka fara. Ka duba kalandar Musulunci kar azumi ya riske ku a hanya.

Keken da kansa ba sai mai tsada ba. Na hannu mai kyau, mai giya, wanda yayi daidai da tsawonka ya wadatar. Ni mai taya 26 na zaɓa saboda duk ƙauyen da ka shiga mai faci yana da tiyub ɗinsa, in ka ɗauko ɗan siririn keken tsere mai taya ta musamman ranar da ta yage a Abaji sai dai a aiko maka daga Abuja. Irin namu na da mai taya 28 da kariya, Raleigh ko Phoenix, yana da ƙarfi kuma kakanninmu sun ci dogon zango da shi, amma rashin giya zai wahalar da gwiwarka a duwatsun Okene. Kafin tafiya da sati biyu ka kai shi wajen mai gyara ya sa sabuwar sarƙa da sabbin robobin birki da wayoyin birki da na giya, ya buɗe cibiyar wili yasa boris da giris, ya miƙe wilin. Nace sati biyu don ka samu ka hau shi bayan gyaran, duk abin da zai kwance ya kwance a gida. A mota kuma a ajiye taya biyu, tiyub kamar biyar, faci da sholisho, famfo babba, sifana da filaya da makullan alan, ƴan sifok, man sarƙa da tsumma. Amma tiyub ɗaya da ƙaramin famfo da faci su zauna a jikin keken kullum, kuma ka koyi yin faci da hannunka har ka iya yi a minti goma, ka koyawa direbanka ma. Rasit ɗin keken ka riƙe shi tare da takardun mota.

Atisaye wata uku. Watan farko kilomita 20 da asuba sau huɗu a sati, na biyu ka riƙa zuwa irin Wudil ko Bichi ranar da baka aiki, na uku kaje ka dawo a rana ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci shine ka gwada kwana biyu ko uku a jere, don yin kilomita 80 sau ɗaya kowane matashi zai iya, tashi washegari jiki na ciwo a sake hawa shi ne tafiyar. Kuma aƙalla sau biyu ku fita tare da motar kuyi gwajin yadda zaku riƙa haɗuwa.

Bari in faɗi abin da mutane ke jin kunyar faɗa. Ba ƙafa ke fara kayar da mutum ba, mazauni ne. Sirdi zai goge ka har fata ta saɓule in baka kula ba. Ka nemi gajeren wandon ƴan keke mai soso a ciki guda biyu ko uku, ana sa shi ne ba tare da wani abu a ƙarƙashi ba, sai ka ɗora dogon wando mara nauyi a sama don sutura, ka ɗaure ƙafar dama kar sarƙa ta kama. Kullum da safe ka shafa man kaɗe ko basilin a inda ke gogar sirdi, da ka sauka ka cire wandon kayi wanka a wanke shi a shanya, kar ka taɓa maimaita wanda bai bushe ba. Sirdi mai faɗi da laushi sosai yana da daɗi a minti ashirin na farko, bayan awa uku shi ne ke cin mutum. Tsawon sirdin kuma ga yadda ake aunawa, ka zauna ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, in ka mayar da gaban tafin ƙafa sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In yayi ƙasa gaban gwiwa zai yi ciwo. Hular kwano dole, safar hannu saboda yatsu suna mutuwa, gilas saboda ƙura da ƙwari, riga mai haske irin ta ma'aikatan titi, da madubi ƙarami a kan keken.

Tsarin yini namu baya canzawa. Sallar asuba, shayi da burodi da ƙwai ko koko da ƙosai, gari na fara haske ina kan titi, ba kafin nan ba. Zuwa sha ɗaya da rabi na cinye mafi yawan zangon ranar. Daga nan sai inuwa har la'asar, in da saura a ƙarasa, ƙarfe biyar kuwa ko me ya rage an tsaya. Ba tafiyar dare, ko a keke ko a mota.

Motar ba binka zata riƙa yi a baya tana rarrafe ba. Mun gwada haka a ranar farko, mai ya tafi, inji yayi zafi, manyan motoci suna ta danna mana hon. Yadda ya dace shine ta wuce ka da kilomita 10 zuwa 15 ta samu wuri mai mutane, gidan mai ko bakin kasuwa ko shingen jami'an tsaro, ta tsaya. In ka iso ka sha ruwa, a cika maka gora, ka wuce, shi kuma ya baka kamar rabin awa sannan ya taso ya wuce ka ya sake tsayawa a gaba. Ku yanka lokaci, in awa ɗaya ta cika baka iso ba kuma wayarka bata shiga ya juyo nemanka ba tare da wani tunani ba. Inda kawai zai bika a baya da sigina biyu a kunne shine kan gada, da inda aka haɗe hanya saboda aiki, da shiga babban gari. An daɗe ana aikin titin Abuja zuwa Kano, kana iya tarar da wuraren da aka mayar da motoci hannu ɗaya, nan ka buɗe ido sosai.

Tirela da tanka su ne abin tsoro. In babbar mota ta wuce ka da gudu iskarta tana fara ture ka sannan ta janyo ka cikin titi, don haka da ka hango ta a madubi ka riƙe kan keken da hannu biyu, in gefen titin ba faɗi ka sauka kan ƙasa kawai ka bata wuri. A Tafa da Maraban Jos inda suke fakin ka rage gudu don ƙofa na iya buɗewa ko yaro ya fito ta tsakaninsu. Bayan Lokoja kuma akwai motocin siminti da yawa saboda masana'antar Obajana. Kar ka sa abin jin sauti a kunne, kunnenka shi ne rabin tsaronka. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112, ku sa su a wayoyinku duka.

Ruwa kar ka jira ƙishi, kurɓa kaɗan kaɗan duk bayan minti goma sha biyar. Ruwa zalla kuma baya isa in gumi yayi yawa, gishirin jiki ke fita, shi ke kawo ɗaurewar jijiya da jiri. Ku sayi ORS, wato garin gishiri da suga na leda, a kemis da yawa, in ya ƙare a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta a zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka riƙa duba fitsarinka, in yayi ja kamar shayi kana baya a ruwa. Abin tauna a aljihu kuwa dabino ya fi komai, sai ayaba da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Uwargida ta soya mana dambun nama cike da bokitin roba ƙarami, ta daka mana yaji, ta haɗa garin kunu, kuma sai da muka wuce Akure muna cin dambun nan, duk daren da muka buɗe shi sai motar ta cika da ƙamshin gida. Fura da nono na gefen hanya ka yi hankali da ita in baka san ruwan da aka dama da shi ba, gudawa ɗaya zata cinye maka kwana biyu. Kwayoyin ƙarin ƙarfi irin su tramadol kar ka kusance su, ko maganin ciwon jiki irin ibuprofen ma ba'a son yawan shansa jiki ba ruwa saboda ƙoda.

Na ce zan dawo kan sharaɗin Hajiya. Tsakanin Abaji da Koton Ƙarfe ne, ƙasa ta sauka, iskar ta canza ta zama mai nauyi da ɗumi irin wanda bamu saba da shi a Kano ba, ni kuma na ƙwallafa rai sai na ga gadar Murtala Muhammad ta Jamata kafin in huta. Na iso wajen mota wajen sha biyu, ƙanena ya miƙo min gora ya tsaya yana kallona, sai yace "Yaya, ka daina gumi." Nace ba komai saura kaɗan. Yace "Yaya maganarka ma bata fita daidai, dan Allah sauko." Na fara faɗa, wallahi har na ɗaga masa murya, bai ce komai ba ya riƙe kan keken da hannu biyu yace "a gaban Hajiya ka faɗa." Na sauka. Suka kwantar da ni ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, suka jiƙa rawani da ruwan kula suka lulluɓa min a wuya da hammata, ɗan kawu yana min fifita da kwali, ana bani ORS kaɗan kaɗan. Sai da na dawo daidai na gane ban ma iya tuna kilomita biyar na ƙarshe ba. Ka riƙe alamomin nan kai da direbanka, ciwon kai mai tsanani, tsigar jiki na tashi a cikin rana, gumi ya ɗauke, magana ta rikice. In mutum bai dawo hayyacinsa da wuri ba ko yana amai, asibiti kai tsaye. Wanda zafi ya kama baya sanin ya kama shi, shi yasa hukuncin tsayawa ba'a barinsa a hannun mai keke. Washegari da sassafe na haye gadar, kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa ga masu kwalekwale, yaron nan yana bayana da sigina biyu.

Wajen kwana, a arewa dangi sun ɗauke mana, kawu a Zariya, abokin Baba a Kaduna, ƙanwarmu da ke aure a Suleja inda muka yi hutun farko aka wanke mana kaya kaf. Ka sanar da su tun da wuri kuma kar kaje hannu rabbana. Daga Lokoja zuwa ƙasa kuma ka nemi unguwar Hausawa, kusan kowane babban gari akwai Sabo ko zango da Sarkin Hausawa, a Ibadan akwai Sabo da Shasha, a Shagamu akwai Sabo, a Legas ga Agege da Mile 12 da Idi Araba. Kaje ka gaishe da sarkin ka faɗi ko kai waye da abin da ya kawo ka, ko da a otal zaka kwana, don a san da zamanka. Ka riƙe katin NIN da takarda daga mai unguwarku ko hakimi mai bayanin tafiyar, in ka samu ta ofishin ƴan sanda na yankinku ma ya fi. Makami ko wane iri kar ya shiga motar nan, duk mun ga abin da ya faru da matafiya ƴan arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, inda aka kashe su bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. A shinge ka sauka daga keke, ka cire gilas, kayi gaisuwa. Ka koyi gaisuwar Yarbanci ko guda uku ce, zaka ga yadda fuska ke sakewa, wata tsohuwa mai sayar da ayaba kusa da Owo da taji daga Kano nake sai da ta tafa hannu ta ƙi karɓar kuɗinmu.

Maganar waya, ku riƙe layi biyu daban daban don akwai inda ɗaya ke ɗaukewa, da fawa bank da cajar mota. Ku buɗe guruf ɗin WhatsApp na ƴan gida zalla, direba ne zai riƙa rubuta mun tashi, mun tsaya, mun sauka lafiya, ba kai ba. Mutum ɗaya a gida, mu yayarmu ce, ita ke amsa tambayar sauran dangi, in ba haka ba wayarka bazata huta ba. Hajiya kuwa kullum bayan isha'i sai taji muryata ko minti ɗaya ne, ranar da na makara bata ci abinci ba. Hoto da bidiyo na duniya kuma ka jinkirta su, abin da ka ɗauka yau ka sa shi jibi, kuma kar ka taɓa rubuta inda zaka kwana gobe. Ka roƙi ƴan gida su ma kar su sa a sitatus.

Zaku yi saɓani, wannan ba makawa. Kai ka gaji, shi ma ya gaji da zama da wankin goruna da neman masauki, kuma kowa in ya tare ku kai yake yiwa sannu. Ka riƙa masa sannu kai ma, ka tabbatar yaci abinci, ranar hutu ka barshi yayi barcinsa, in mutane sun taru suna tambaya ka nuna shi kace ga wanda ya kawo ni. Duk bayan kwana huɗu ko biyar ku huta yini guda, Lokoja waje ne mai kyau na hutu, ku hau dutsen Patti da mota ku ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ku kwana cikin gidan sauro musamman daga nan zuwa kudu. Sallah kuma kuna da rangwamen matafiyi, azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu biyu, ka zauna da malaminku kafin tafiya ya warware maka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da kwana nawa in ka yi niyyar zama zaka cika.

Daga Okene zuwa Owo hawa da gangara ne, ka sa giya mai laushi ka riƙa juya ƙafa da sauri maimakon dannawa da ƙarfi, in hawan ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura. A gangara ka riƙa taɓa birki biyun tare kaɗan kaɗan don rami na iya ɓoyewa a inuwar bishiya. Ibadan zuwa Legas kusan 130 ne amma babban titin nan gudu ake yi a kansa ba na wasa ba, ka raba shi biyu ka kwana a Shagamu, ka shiga Legas da sassafe mota na bayanka, in kun iso doguwar gadar da ke kafin Berger kuka ga cunkoso ya yi yawa ku sa keken a mota ku sauke shi a ciki.

In kun isa kar ku juyo washegari. Ku kwana biyu ko uku, ƙafarka zata kumbura, yunwa zata dame ka kamar ba ka taɓa cin abinci ba, direbanka kuma yana da tuƙin sama da kilomita dubu a gabansa, a raba shi kwana biyu ana karɓar juna da rana kawai. A sake duba mai da ruwa da tayoyin motar. Ka ware kuɗin tsaraba tun daga gida kar ya narke a hanya, ni atamfa na sayowa Hajiya da uwargida a kasuwar Balogun, ƙanena kuma da muka iso gida na miƙa masa keken, yanzu shi ke zuwa Wudil da shi duk ranar Lahadi.